Maƙabartar 'yan majalisa a Washinton: yadda ciyawa ta cinye ta, da yadda aka ƙwato ta

Wurin da matsalar

A kudu maso gabashin birnin Washinton, daf da kogin Anacostia, akwai wata tsohuwar maƙabarta da ake ce wa Congressional Cemetery, ta 'yan majalisa kenan. Daga ginin majalisar dokokin Amurka zuwa ƙofarta bai kai kilomita 3 ba. Faɗinta eka 35, mutum sama da 65,000 ne kwance a ciki, gidan yarin birnin ma maƙwabcinta ne. Abin da za a riƙe tun daga nan, don komai a kansa ya rataya, shi ne wurin nan fa ba na gwamnati ba ne, sunan majalisa ne kawai a jikinsa. Wani coci ne mai suna Christ Church da ke unguwar Capitol Hill yake da filin tun 1812 har yau ɗin nan.

Ita matsalar ba ta da wuyar faɗa. Wa zai biya kuɗin yankan ciyawa da gyaran kaburbura bayan duk masu mamata a ciki su ma sun mutu ko sun bar gari? Sai da aka shafe shekara fiye da 100 kafin a samo amsa.

1807 zuwa 1876: lokacin da take tashe

A 1807 wasu 'yan unguwa, yawancinsu 'yan wancan cocin, suka haɗa kuɗi suka sayi fili da bai kai eka 5 ba don binne mamatansu. Lokacin Washinton sabon gari ne, a 1800 gwamnati ta tare, ko'ina taɓo. In ɗan majalisa ya rasu yana bakin aiki ba yadda za a yi a kai shi gida, babu jirgin ƙasa, babu maganin hana gawa lalacewa, a keken doki kuma tafiyar sai ta ci kwanaki da yawa ko sati-sati ga zafin bazara. A watan Yulin shekarar sai Sanata Uriah Tracy na jihar Connecticut ya rasu aka kawo shi nan, shi ne ɗan majalisa na farko, daga nan abin ya zama al'ada, har cocin ya ware wa majalisa wani ɓangare na musamman.

Manya kam sun shiga. Elbridge Gerry, mataimakin shugaban ƙasa da ya rasu kan mulki a 1814, yana nan, shi ne mutumin nan da har yau ake tunawa da shi kan yanka mazaɓu a karkace don jam'iyyarsa ta ci zaɓe lokacin yana gwamnan Massachusetts, ashe abin ya daɗe. Akwai Pushmataha, shugaban ƙabilar Choctaw, da ya zo Washinton a 1824 kan maganar filayen mutanensa ciwo ya kama shi ya rasu a can, sojoji suka yi mishi jana'izar girma. A watan Yunin 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, ma'ajiyar makaman birnin ta yi bindiga ta kashe mata 21 masu haɗa harsashi, yawancinsu 'yan mata ne talakawa, nan aka kawo da yawa daga cikinsu kuma shugaba Lincoln da kansa ya bi gawa.

A wannan zamanin majalisa tana sa hannu a aljihu jefi-jefi. Ita ta ba da kuɗin katanga da gidan mai gadi da gyaran hanyar da ke zuwa wurin, kuma a farkon shekarun 1830 ta gina ɗakin ajiyar gawa na wucin gadi inda ake ajiye mutum kafin a shirya kai shi gida. Shugabannin ƙasa uku sun kwana a ɗakin nan, William Henry Harrison a 1841, John Quincy Adams a 1848, Zachary Taylor a 1850. Dolley Madison, matar shugaba na huɗu, da ta rasu a 1849 ba a samu kuɗin kai ta kusa da mijinta a Virginia ba saboda ɗanta ya gama da dukiyar, sai 1858 aka ɗauke ta daga maƙabartar.

Sai kuma duwatsun tunawa, waɗanda su ne alamar wurin. Benjamin Latrobe, wanda ya yi aikin ginin majalisar, shi ya zana su, dunƙulallen dutse mai kusurwa huɗu da 'yar hula mai tsini a sama, duk iri ɗaya a jere, da irin dutsen yashin Aquia da aka gina majalisa da fadar White House da shi. Da farko kan kabarin ɗan majalisa ake ɗorawa, daga baya aka koma duk wanda ya mutu kan kujera sai an kafa mishi ko da an binne shi a garinsu. Sun kai kusan 170 kuma yawancinsu babu kowa a ƙarƙashi, manyan sanatoci irin Henry Clay da John C. Calhoun duk suna da nasu alhali gawarsu na Kentucky da Carolina ta Kudu.

Duk wannan kuɗin na gini ne, a yi abu a gama a tafi. Ba a taɓa yanka wa wurin wani kaso na shekara-shekara don kula da shi ba.

1876 zuwa 1976: yadda aka janye jiki a hankali

Abu uku ne suka haɗu. Jirgin ƙasa ya game ƙasar, kuma a lokacin yaƙin basasa aka ƙware wajen yi wa gawa allurar hana lalacewa saboda mayar da sojoji gida, shi kenan dalilin binne ɗan majalisa a Washinton ya kau. Na biyu a 1864 gwamnati ta buɗe tata maƙabartar a Arlington, tsallaken kogin Potomac, a gonar gidan Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin Kudu a yaƙin basasan, jana'izar ƙasa ta koma can. Masu kuɗin gari kuma dama sun fara komawa sababbin wurare masu tuddai da itatuwa irin Oak Hill a Georgetown. Na uku a 1876 majalisa ta daina kafa duwatsun nan ga wanda ba nan aka binne shi ba, bayan George Hoar na Massachusetts ya tashi ya ce muninsu kaɗai ya isa ya ƙara wa mutum tsoron mutuwa. Aka yi dariya, aka rufe babin, alaƙar majalisa da wurin ta zama ta suna kawai.

Ba wai an daina binnewa ba ne. Mathew Brady, mai hoton da ya ɗauki yaƙin basasa, nan aka sa shi a 1896 bayan ya mutu ba ko sisi. Belva Lockwood, mace ta farko da ta tsaya a matsayin lauya gaban kotun ƙolin ƙasar kuma ta nemi shugabancin ƙasa a 1884 tun mata ba su da ƙuri'a, ta shigo a 1917. John Philip Sousa, mai kiɗan fareti, 1932. J. Edgar Hoover da ya riƙe hukumar binciken da ta zama FBI shekara 48, ɗan unguwar ne, 1972 aka kawo shi kusa da iyayensa. Amma jana'izar babban mutum ta yini ɗaya ce, jama'a su cika su watse.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin kuɗin. Filin kabari sau ɗaya ake sayar da shi, a karɓi kuɗi a kashe, shi kuwa aikin kula da shi ba ya ƙarewa. A da iyalai ne ke zuwa su share na kakanninsu ko su biya wani ɗan abu duk shekara, to jika ya koma wata jiha, tattaɓa kunne bai ma san inda kabarin yake ba. Filin sayarwa yana raguwa, kaburburan da za a kula da su suna ƙaruwa. Kuma ciyawar can ba ta wasa, daga Afrilu zuwa Oktoba ba ta tsayawa, ga dubban duwatsu a tsaye da babbar motar yanka ba ta iya bi tsakaninsu sai an bi da ƙaramin inji ɗaya bayan ɗaya. Dutsen yashi da na marmara kuma suna shan ruwa, sanyi ya zo ruwan ya daskare a ciki ya tsaga su, saiwar itace ta ture su ta ƙasa.

Sai birnin kansa ya fara zubewa. A ƙidayar 1950 mutanen Washinton sun ɗan haura 800,000, daga nan masu hali suka dinga ficewa zuwa unguwannin bayan gari a Maryland da Virginia, tarzomar Afrilun 1968 bayan kashe Martin Luther King ta ƙara kora wasu, kafin 2000 an dawo wajen 572,000. Cocin da ke da filin shi ma mabiyansa suka ragu, da ƙyar yake riƙe kansa balle eka 35 na matattu. A 1969 an sa maƙabartar a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, takarda ce mai kyau amma ba ta zo da ko dala ɗaya ta yankan ciyawa ba.

1976 zuwa ƙarshen shekarun 1980: ƙungiya ta karɓa

A 1976, shekarar da Amurka ke bikin cika 200, aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta don ceto wurin, cocin ya ba ta haya, mallaka na hannun coci gudanarwa na hannun ƙungiya, kuma haka tsarin yake har yanzu. Dabarar ita ce a nemi gudummawa, a tara 'yan sa kai, a kuma dinga tuna wa majalisa cewa mutanenta ne a ciki.

Abin bai yi nisa ba. Mai ba da gudummawa in ya ji sunan wurin sai ya ɗauka ai gwamnati na biya, ita majalisa kuma in an je mata sai a ce filin coci ne. A 1981 an dawo an kafa sabon dutsen tunawa irin na da, don Hale Boggs, shugaban masu rinjaye na majalisar wakilai wanda jirginsa ya ɓace a Alaska a 1972 ba a ga ko ɓurɓushinsa ba, matarsa Lindy Boggs ce ta gaji kujerarsa. An taru an yi jawabi, ciyawa ta ci gaba da abinta. 'Yan sa kai kuma su zo ranar Asabar su share wani ɓangare, kafin su zagayo ya koma yadda yake, an yi ba a yi ba kenan.

A ƙarshen shekarun 1980 hodar iblis mai arha ta mamaye birnin, a 1991 kaɗai an kashe mutum kusan 480, shi kansa magajin gari Marion Barry an kama shi yana shan ta a wani otal a Janairun 1990. Maƙabartar ta zama mafaka, ciyawa har ƙugu, duwatsu a kife, allurai a zube, masu sayar da ƙwaya da mata masu zaman kansu su ne masu wurin da dare, wani lokacin har da rana. An fasa ɗakunan binnewa na iyalai. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na William Wirt, antoni janar ɗin da ya fi kowa daɗewa a kujerar, 1817 zuwa 1829, wani ya shiga ɗakin da yake ya ɗauke ƙoƙon kansa, kuma tsabar ba a duba wurin ba wanda ya lura an yi satar. Sai a ƙarshen 2003 wani ya bugo waya bai faɗi sunansa ba yana tambaya ko suna son kan ya dawo, daga baya ya fito ta ofishin wani kansilan birnin a cikin akwatin ƙarfe, a 2005 masana ƙashi na cibiyar Smithsonian suka gwada suka tabbatar nasa ne aka mayar.

Farkon shekarun 1990: masu karnuka

Nan ne labarin ya ɗauki hanyar da ba wanda ya tsara, kuma sai an ɗan yi bayani don a wajenmu kare da maƙabarta ko a baki ba sa haɗuwa. A biranen Amurka kare a cikin ɗaki yake kwana, dole mai shi ya fita da shi safe da yamma ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, kuma doka ta ce a titi ko a lambun gwamnati sai da igiya a wuya. Gidajen unguwar manne suke da juna, tsakar gidan ba ta da wani faɗi. To ga fili eka 35 da katanga ta zagaye, ba mota, ba mai hanawa. Wasu 'yan unguwa suka fara shiga da karnukansu suna sakinsu su yi gudu, da farko ma cikin ɗar-ɗar, shi ya sa suke haɗuwa su shiga tare.

Su ba tarihi ya kawo su ba, da yawansu ba su san waye Gerry ba. Amma mai zuwa wuri sau biyu kullum shi ke fara ganin an ture dutse jiya da dare, shi ke tsince allura don kar karensa ya taka, shi ke kiran 'yan sanda. Masu harkar ɓoye kuma ba abin da suka tsana irin idon mutane da haushin kare, tun asuba akwai mutane, da yamma akwai mutane, sai suka fara ja baya. Da ciyawar ta ishe su sai masu karnukan suka fara karo-karo a tsakaninsu suna biyan masu yanka. Ba wanda ya sa su, amfanin kansu suke karewa.

Ba kowa ya so ba. Akwai masu 'yan uwa a ciki da suke ganin wulaƙanci ne kare ya yi fitsari a jikin dutsen kakansu, kuma wannan ƙorafin bai taɓa mutuwa ba. Ƙungiyar da ke gudanar da wurin dai ba ta kori masu karnukan ba, rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

1996 zuwa 2002: talabijin, sojoji, da kuɗin majalisa

A watan Yulin 1996 tashar C-SPAN, wadda ke nuna zaman majalisa kai tsaye, ta nuna halin da wurin ke ciki. Ba a daɗe ba sai ga sojojin sama kusan 100 daga sansanin Andrews sun zo da injinan yanka ba tare da an gayyace su ba, sojojin ƙasa na Fort Belvoir suka biyo baya, daga baya ya zama aikin gayya na shekara-shekara da duk ɓangarorin soja ke shiga, tunda akwai tsofaffin sojoji a ciki tun na yaƙin neman 'yanci. Wannan ya yi maganin tarin shekaru, abin da mutum goma za su yi wata suna yi an gama shi a yini. Sai dai aikin yini ɗaya ne a shekara, ciyawa kuma sati biyu ya ishe ta.

A 1997 ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta sa maƙabartar cikin jerinta na wuraren tarihi 11 da suka fi fuskantar halaka a Amurka. Jerin nan ba ya ba da kuɗi, kunyatarwa yake yi, jaridu suka ɗauka, ga wurin da ke ɗauke da sunan majalisa ana iya zuwa da ƙafa daga ofishinsu ya zama juji. A 1999 majalisa ta ba da dala miliyan 1, amma da sharaɗi biyu da suka bambanta shi da duk kuɗin baya. Na farko ba za a kashe uwar kuɗin ba, a asusu za a ajiye a dinga juyawa ana kula da wurin da ribar. Na biyu sai ƙungiyar da ke gudanar da maƙabartar ta nemo kwatankwacinsa daga wajen jama'a, wato dole ta fita ta yi roƙo da gaske ta kuma riƙe lissafi mai tsabta. A 2002 majalisa ta ƙara wani kuɗin.

2002 zuwa 2015: aka mayar da abin tsari

Masu karnuka da suke karo-karo a tsakaninsu aka mayar da su ƙungiya mai rajista a ƙarƙashin hukumar maƙabartar, sunanta K9 Corps. Kowa zai biya kuɗin shekara, da ƙarin kuɗi kan kowane kare, ya kawo shaidar rigakafi, ya kwashe kashin karensa, kuma dole ya ba da wasu awoyi na aikin sa kai a shekara, shara ko dashe ko abin da aka sa shi. In ana jana'iza ba kare a ciki, haka wasu awoyi na ranar Asabar an ware wa masu ziyara. An ƙayyade adadi, 'yan ɗaruruwa ne, har ta kai mutum ya yi shekaru a layin jira kafin a ɗauke shi. Kuɗin da suke kawowa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake kashewa wajen gudanar da wurin, kusan abin da yankan ciyawa ke ci kenan.

Da aka samu bakin zaren ciyawa sai aka samu sukunin manyan gyare-gyare. Ashe gwamnatin tarayya tana da filayen kabari 806 a ciki da suke nata na kanta, har da duwatsun Latrobe, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ce ke da alhakinsu, ita ta biya aka kawo ƙwararrun masu gyaran dutse suka bi su. Aka gyara hanyoyin ciki da magudanan ruwa, aka tayar da duwatsun da suka faɗi. Ɗakunan binnewa na bulo da suke rushewa kuma ba a taɓa su sai an kwashe mutanen ciki, shi ya sa aka haɗa kai da Smithsonian, misali ɗakin iyalan Causten, inda Dolley Madison ta yi shekaru, a 2009 aka kwashe ƙasusuwan aka tantance na wane da na wane, aka gyara ginin, a 2014 aka mayar da su. A 2011 gwamnati ta ɗaga matsayin wurin zuwa babban wurin tarihi na ƙasa.

A watan Agustan 2013 aka yi abin da ya fi jawo 'yan jarida. Gefen katanga ta wajen kogi akwai ɗan kurmi da ya fi eka 1 da rabi, ciyayi masu yaɗo sun naɗe itatuwa suna kashe su, itacen in ya mutu kan kaburbura zai faɗo, a ciki kuma akwai wata mai dafi da in ta taɓa fatar mutum sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Feshin magani ba zai yiwu ba ga kogi a kusa. Sai aka yi hayar awaki sama da 50 daga wani mai kiwo a Maryland, aka kewaye su da wayar lantarki, kusan sati ɗaya suna ci dare da rana, kuɗin wajen dala 4,000. Wato a can akuya ake biya ta ci ciyawa. Ba a sake su cikin kaburbura ba, a gefe suka tsaya, kuma an sake kawo wasu a 2015 don saiwar ba ta mutuwa da ci ɗaya.

Inda aka tsaya

Yanzu wurin a share yake, ƙofa a buɗe da rana, akwai ma'aikata masu albashi, akwai masu zagayawa da baƙi suna ba su tarihi. Duk 6 ga Nuwamba makaɗan sojojin ruwa na Marine suna zuwa kabarin Sousa su yi kiɗa ranar haihuwarsa. Ana kiwon zuma ana sayarwa, ana tseren gudu, ana nuna fim da dare a fili, duk don kuɗin shiga. An ci gaba da sayar da filin kabari ga kowa, ba sai ɗan majalisa ba, har sun yarda da binne mutum a likkafani ko akwatin katako zalla ba allura ba kankare. Marion Barry, wanda a zamanin mulkinsa wurin ya kai ƙarshen lalacewa, da ya rasu a 2014 nan aka binne shi.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

Sunayen manya ba su ceci wurin ba, wannan a fili yake, Hoover na ciki aka sace kan Wirt. Takardar shiga rajistar tarihi ta 1969 ma ba ta yi komai ba ita kaɗai. Kuɗin majalisa na ƙarni na 19 ya gina abubuwa ne da suka ƙara yawan abin da za a kula da shi. Aikin gayya, na 'yan unguwa ne ko na sojoji, yana share abin da ya taru amma ba ya hana shi sake taruwa, saboda matsalar ta kullum ce shi kuma na lokaci-lokaci ne.

Abu biyu ne kawai a duk labarin suke da irin yanayin matsalar, wato suke maimaituwa ba sai an roƙa ba. Ribar asusun 1999 tana zuwa duk shekara ko an manta da wurin ko ba a manta ba. Mai kare kuma yana zuwa gobe da safe ba don tausayi ba sai don karensa ba zai bar shi ya yi barci ba. A ganina na biyun ya fi nauyi, don shi ya fara, kuma shi ya kawo tsaro wanda kuɗi kaɗai ba zai saya ba sai dai a ɗauki masu gadi dare da rana. Wayon da hukumar ta yi shi ne da ba ta tsaya a kyauta ba, ta gane tana da abin da mutane ke so, ta sa mishi farashi da doka da iyaka.

Ni dai har yanzu fim da tseren gudu a tsakanin kaburbura bai kwanta min ba, kuma masu cewa an mayar da wurin mamatansu filin wasa ba su yi ƙarya ba. Sai dai in aka ajiye shi kusa da lokacin da ake fasa ɗaki a ɗauki kan mutum ba wanda ya sani, ban ga yadda za a ce mamatan sun fi samun mutunci a da ba.

Akwai kuma abin da masu yabon karnukan ba su cika faɗa ba. A daidai shekarun nan unguwar kanta ta canza hannu, masu albashi mai kauri suka dawo cikin gari suka saye gidajen, mutanen birnin suka koma kusan 690,000 a ƙidayar 2020. Layin jira na shekaru don a biya kuɗin yawo da kare sai a unguwar da ke da irin waɗannan mutanen. A tsallaka kogin Anacostia kaɗan akwai maƙabartar Woodlawn da aka buɗe a 1895, mutum wajen 36,000, yawancinsu baƙaƙen fata, a ciki har da Blanche K. Bruce, baƙar fata na farko da ya yi cikakken wa'adi a majalisar dattawa, 1875 zuwa 1881. Matsalarsu ɗaya, fili an sayar sau ɗaya iyalai sun watse, amma ita 'yan sa kai ƙalilan ne ke fama da ita, yawancin kwanakin shekara ƙofarta a kulle. Ta Columbian Harmony kuwa, babbar maƙabartar baƙaƙen birnin tun 1859, sayar da filin aka yi, wajen 1960 aka kwashe mutum kusan 37,000 zuwa Landover a Maryland ba tare da duwatsunsu ba, inda take a da yanzu tashar jirgin Rhode Island Avenue ce da shaguna. Duwatsun an jibge su a bakin kogin Potomac a Virginia don tare zaizayar ƙasa, sai a 2016 wani sanatan jihar ya ci karo da su yana zagaya filin da ya saya, a 2021 aka fara mayar da kashin farko, guda 55.